GWADA MAGANIN RAUNI A CIKIN NA'URA MAI ƘWAƘWALWA

Tun zamanin kakanni mutane ke ɗora ganye ko saiwa ko ɓawon itace bisa rauni, su ga ya kame. A zamanin nan masanan haɗa magunguna sun sami hanyar da su ke bi su gwada sinadaran waɗannan itatuwa a cikin kwamfuta, tun ba a taɓa dabba ko mutum ba. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana yadda a ke wannan aiki, da abin da ya iya nunawa, da inda ƙarfinsa ya tsaya.

Da fari sai mu san yadda rauni ke warkewa. Likitoci sun kasa al'amarin mataki huɗu. Jini ya daskare ya toshe wurin, sa'an nan wurin ya kumbura, mayaƙan jini su cinye ƙwayoyin cuta. Bayan haka sabon nama ya tsiro, daga ƙarshe tabo ya yi ƙwari. Kowane mataki akwai furotin da ke tafiyar da shi. Akwai wani mai suna MMP-9, aikinsa yanke tsohon nama don sabo ya sami wuri. In ya yi yawa, kamar yadda a kan samu a gyambon masu ciwon sukari, sai ya riƙa cin sabon naman ma, miki ya ƙi rufewa. Saboda haka masu bincike su kan nemi sinadarin da zai rage masa ƙarfi.

Asalin dabarar tsohuwa ce. A 1894 wani Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta furotin da kwaɗo, sinadarin da ke shigarsa kuwa da mabuɗi. Amma ba a ga siffar kwaɗon ba sai a 1958, da John Kendrew ya fitar da siffar furotin na farko a Kambirij ta Ingila. A 1971 aka buɗe rumbun ajiye irin waɗannan siffofi a Amurka, da guda bakwai kacal, ga shi yanzu sun haura 200,000. A 1982 Irwin Kuntz da abokan aikinsa suka fito da manhajar DOCK, wadda ke gwada mabuɗi a kwaɗo ta hanyar lissafi. AutoDock Vina, wadda ɗalibai da yawa ke aiki da ita don kyauta ce, ta fito a 2010.

Ga yadda a ke yi. Mai bincike ya ɗauko siffar furotin daga rumbu, ya ɗauko siffar sinadarin itacen. Na'ura ta yi ta juya sinadarin a cikin ramin furotin, sau dubbai, tana auna kowane zama. Daga ƙarshe ta ba da lamba, wadda ke nuna ƙarfin riƙon da ta ke zato. Amfanin wannan a fili ya ke: a 'yan kwanaki a tace sinadarai dubu, a ware goma da suka cancanci a kashe musu kuɗi a ɗakin gwaji.

To, amma fa lambar nan zato ce. Misalai biyu sun isa. Na farko gangamau, wanda mutanen Indiya suka daɗe suna sa wa rauni, har hukumar binciken kimiyya ta ƙasarsu ta sa aka soke, a 1997, takardar mallakar da Amurka ta bayar a 1995 kan wannan amfani. Sinadarinsa, kurkumin, ya kan sami lamba mai kyau a furotin iri iri. Duk da haka wani nazari da aka buga a 2017 ya nuna cewa ba ya jurewa a jiki, ya kan lalace da wuri, kuma ya kan ruɗi gwaji ya nuna aikin da babu.

Na biyu ya fi kusa da mu. 'Ya'yan bagaruwa, waɗanda majema ke jeme fata da su, cike su ke da sinadarin tanin. Tanin ya kan kama kusan kowane furotin ya ɗaure shi, abin da ya sa ke nan ya ke jeme fata, ya ke kuma busar da miki. In aka gwada irinsa a na'ura, ba mamaki ya yi fice. Amma tarihi ya yi gargaɗi. A 1925 wani likita a Amurka, Edward Davidson, ya fara shafa ruwan tanin a ƙuna, asibitoci suka bi shi. Cikin shekarun 1940 aka gane cewa in ƙunar tana da faɗi, tanin ya kan shiga jini ya ɓata hanta, aka daina. Gwajin mabuɗi da kwaɗo bai san hanta ba.

Wannan ba ya nufin itace ba shi da magani. A 2016 hukumar Tarayyar Turai ta yarda da wani man shafawa na rauni da aka yi daga ɓawon itacen bac na ƙasashen sanyi. Sai dai an yarda da shi ne bayan an gwada shi a jikin majinyata.

Ina ruwan masu nazarin Hausa da wannan? Na'ura ba ta san wane itace za ta fara da shi ba, sai an gaya mata. J. M. Dalziel ya tara sunayen itatuwa na Hausa a littafinsa na 1916, amma aikin bai ƙare ba. Abin da wani gari ke kira bagaruwa, wani gabaruwa ya ke cewa. Wanzami ya san ko ganye a ke ɗauka ko saiwa, ko dafawa a ke yi ko dakawa, da irin mikin da ba a sa wa. In ba a rubuta wannan daidai ba, masanin sinadari zai gwada abin da ba shi a ke nufi ba.

Malaman kwalejojin horon malamai kuwa, ya kamata su koya wa ɗalibansu tambaya guda duk sa'ad da suka ji an ce kimiyya ta tabbatar da wani magani: a ina aka gwada shi, a na'ura, ko a dabba, ko a mutum?