Ƙwayoyin Cuta Masu Taurin Kai A Asibiti

Yau za mu yi magana a kan ƙwayoyin cutar da ba su jin magani, da yadda su ke bin majinyata gado gado a asibiti.

A shekarar 1928 wani likita a Ingila, Alexander Fleming, ya gano fenisilin. A 1945 shi da kansa ya yi gargaɗi, in ba a ba da maganin yadda ya isa ba, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Haka kuwa aka yi. An ƙiyasta a 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum wajen 1,270,000 a duniya, kuma in an bi yawan jama'a, abin ya fi tsanani a Afirka ta Yamma.

Manomin Rogo ya san tofa. In ya yi noma sama sama, ciyawa mai laushi ta mutu, tofa ta saura, sai ta cinye gona. Haka kafson da a ke sha barkatai ya ke yi. Ya kan kashe ƙwayoyi marasa ƙarfi, masu taurin kai su saura, su hayayyafa.

To, a asibiti ba su da ƙafa. Hannu ne jakinsu, da zanen gado, da almakashi, da robar fitsari. Mai jego, da jariri, da mai ƙuna, da wanda aka yi wa tiyata, su ne su ka fi kamuwa. Ɗan jinya kuwa ya na iya kwaso su daga Kano a fatarsa ko a hanjinsa, ya kai su gida Karaye, shi lafiyarsa lau.

Saboda haka ku riƙe waɗannan:

1. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa majinyaci, da bayan kun taɓa shi.
2. Kada ɗan dubiya ya zauna a gadon majinyaci, ko ya taɓa ɗaurin miki.
3. Kada ku sayi kafso a kasuwa. Mura ba ta bukatarsa.
4. Ku sha magani daidai yadda likita ya faɗa, kada ku ba wani ragowa.
5. In miki ya ƙi warkewa, ku komo, ku faɗi asibitin da aka kwanta.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.