Asalin Tutocin Ƙasashen Musulmi da Ma'anarsu

Duk alhajin da ya sauka Jidda, ko mai kallon labaran duniya a talabijin, ya saba ganin tutocin ƙasashen Musulmi iri iri. Wata koriya ce da rubutu, wata ja ce da jinjirin wata, wata kuwa ratsi ratsi ce ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Mutane da yawa suna zaton addini ne ya wajabta waɗannan alamomi. Gaskiyar magana ita ce Musulunci bai tsayar wa mabiyansa tuta guda ba. Kowace tuta tarihin mutanenta ne ya haife ta, kuma sanin wannan tarihi yana kawar da ruɗani da gardama maras tushe.

Tuta a Farkon Musulunci

Tun kafin Musulunci kabilun Larabawa suna fita yaƙi da tuta, domin mayaƙi ya san inda 'yan'uwansa suke idan ƙura ta murtuke. Muddin tuta tana tsaye, runduna tana nan. In ta faɗi, zukata sun karye. Saboda haka ba a ba da ita sai ga jarumi amintacce.

Annabi Muhammadu (S.A.W.) ya ci gaba da wannan al'ada. Ruwayoyi sun nuna yana da tuta baƙa da kuma fara. A Uhudu, shekarar 625, Mus'abu ɗan Umairu ne ya riƙe tutar Musulmi har ya yi shahada. A Haibara, 628, aka miƙa wa Aliyu ɗan Abu Ɗalibi. A Mu'uta, 629, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe ta aka kashe shi, Ja'afaru ya karɓa aka kashe shi, Abdullahi ɗan Rawaha ya karɓa shi ma ya faɗi, sa'an nan Halidu ɗan Walidu ya ɗauka ya janye da rundunar. Waɗannan duka tutocin yaƙi ne, ba tutocin ƙasa irin na yau ba.

Ba da tuta kuma alama ce ta ba da izini. Ma'anar ke nan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi bayan 1804, da ya ba Malam Yakubu na Bauchi, da Buba Yero na Gombe, da Modibbo Adama, da sauransu tuta, kowa ya tafi nahiyarsa da sunan Shehu.

Launukan Dauloli

Da dauloli suka kafu sai launi ya zama shaidar gidan sarauta. Umayyawa na Dimashƙa an san su da fari. Abbasiyawa, waɗanda suka kawar da su a 750, suka ɗauki baƙi, har tufafin fadawansu. Kore kuwa an daɗe ana danganta shi da zuriyar Annabi, ga shi kuma Alƙur'ani ya ambaci korayen tufafi ga 'yan Aljanna.

A 1916 Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa tawaye. Tutar wannan tawaye ta haɗa launi huɗu, watau baƙi, da fari, da kore, da ja. Aka fassara baƙi da Abbasiyawa, fari da Umayyawa, kore da Faɗimiyawan Masar, ja da gidan Hashimawa na shi Sharif ɗin. Daga nan tutocin Jodan da Falasɗinu suka samo asali. Kuwaiti ta ɗauki launukan a 1961, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971. Bayan juyin mulkin 1952 Masar ta fito da jerin ja, fari, baƙi, wanda Iraƙi da Yaman ke amfani da shi, Sudan ma ta karɓa a 1970 ta ƙara kore a gefen sanda. Waɗannan launuka shaidar Larabci ce da neman haɗin kan Larabawa, Musulminsu da Kiristansu.

Jinjirin Wata da Tauraro

Wannan alama ta girmi Musulunci. Ana samun ta a kuɗin tsohon birnin da yanzu ake kira Istambul, da kuɗin sarakunan Farisa na dā. Babu labarin cewa Sahabbai sun sa ta a tuta. Daular Usmaniyya ta Turkawa ce ta yaɗa ta, kuma a 1844 ta tsayar da jar tuta mai farin wata da tauraro, wadda Turkiyya ta gada ta daidaita ta da doka a 1936. Da yake Sarkin Turkawa ne ake kira Halifa a wancan zamani, sai duniya ta riƙa kallon alamarsa a matsayin ta Musulmi duka.

Tunisiya da Aljeriya da Libiya, waɗanda suka taɓa zama ƙarƙashin Turkawa, duk suna da ita. Wasu kuwa aro suka yi suka ba ta ma'anarsu. Tutar Pakistan ta 1947 tana da kore domin Musulmi masu rinjaye, da farin yanki domin marasa rinjaye masu bin wasu addinai. Ta Malesiya tana da wata domin Musulunci, da tauraro mai tsini 14 domin tarayyar jihohinta.

Tutoci Masu Rubutu

Tutar Saudiyya koriya ce, da Kalmar Shahada a sama da takobi a ƙasa, kuma siffarta ta yanzu an tsayar da ita a 1973. Saboda girman Kalmar, ba a sassauto da ita rabin sanda ko da Sarki ya rasu, kuma ana yin ta yadda rubutun zai karantu daidai ta kowace fuska. Iran ta sa kabbara sau 22 a tutarta a 1980, Iraƙi ta ƙara kabbara a tata a 1991. Wanda ya sayo irin waɗannan tutoci tsaraba ya kamata ya kiyaye su daga ƙasa da ƙazanta.

Waɗanda Ba Su da Alamar Addini

Indunisiya tana da Musulmi fiye da miliyan 200, amma tutarta ta 1945 ja ce da fari kawai, launukan da ake dangantawa da tsohuwar daular Majapahit. Bangaladash tana da jan da'ira a kan kore, domin fitowar rana da jinin da aka zubar a yaƙin 1971. Jamhuriyar Nijar, wadda yawancin mutanenta Musulmi ne, ta zaɓi ruwan goro da fari da kore a 1959, da da'irar rana a tsakiya. Ba wanda ya ce Musuluncin waɗannan mutane ya ragu saboda haka.

Har wa yau tuta tana sauyawa da sauyin mulki. Libiya ta yi amfani da koriyar tuta zalla daga 1977 zuwa 2011, sa'an nan ta koma ga tutarta ta 1951.

Abin da ya kamata jama'a su riƙe shi ne, tuta shaidar ƙasa ce, ba ma'aunin imani ba. Ganin jinjirin wata ko baƙar tuta a hannun wani bai isa hujjar cewa yana magana da yawun addini ba, haka kuma rashin alamar addini a tutar ƙasa ba aibu ba ne. Tutar Nijeriya, kore da fari da kore, wadda aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba 1960, tana nufin albarkar ƙasa da zaman lafiya, kuma ta kowane ɗan ƙasa ce. Girmama ta, da girmama tutocin sauran ƙasashe, yana cikin ladabin zaman tare.