Injunan Farfasa Dutse da Niƙa Shi a Ɗakunan Gwajin Ma'adinai

Kafin a haƙa rami domin neman zinariya, ko kuza, ko dalma, ko tama, wajibi ne a san ko abin da ke cikin ƙasar ya isa a kashe kuɗi dominsa. Ido ba ya iya faɗin wannan. Dutse yakan yi ƙyalli alhali babu kome a cikinsa, wani kuma a gan shi kamar na gefen hanya, amma yana ɗauke da arziki. Saboda haka ake ɗibar samfuri a kai ɗakin gwaje-gwaje. Tun zamanin Turawa ake bin wannan hanya a Nijeriya. An kafa ƙungiyoyin binciken ma'adinai na Kudu da na Arewa a 1903 da 1904, a lokacin kuwa Landan ake aika duwatsun domin a gwada. A 1919 aka kafa Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya. Hukumar da ta gaje ta tana da babban ɗakin bincike a Kaduna, akwai kuma Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa a Jos.

Galibin masu kai samfuri suna zaton aikin duka yana ga na'urar awo. Gaskiyar magana ita ce, yawancin kuskuren da ake samu a sakamako tun kafin a kai ga na'urar yake shiga, watau wajen ɗiba, da farfasawa, da rabawa, da niƙa. Na'ura, kome tsadarta, abin da aka ba ta kaɗai take aunawa.

Dalilin niƙa

Mai haƙa yakan kawo jakar dutse mai nauyin kilo biyu ko uku. Amma mai gwaji ba zai iya narka kilo uku ba. Idan zinariya ake nema, giram 30 ko 50 ake ɗiba a gauraya da sinadarin dalma a narka a wuta mai zafin da ya zarce digiri 1,000, dalmar ta tattara zinariyar, sa'an nan a raba su. Ga wasu ma'adinan ma abin da ake jiƙawa a ruwan asid bai kai giram ɗaya ba. Ke nan ɗan abin da bai fi cikin cokali ba shi zai tsaya a madadin jakar, jakar kuma ta tsaya a madadin tan ɗaruruwa da ke ƙarƙashin ƙasa. Mai dafa miya ba ta ɗanɗana gishiri sai ta motsa tukunya. Dutse kuwa ba ya motsuwa sai an mai da shi gari.

Lissafi kaɗan zai bayyana girman matsalar. A wurare da dama na duniya ana haƙar dutsen da ke da zinariya giram ɗaya ko biyu kacal a cikin kowane tan, a kuma ci riba. Idan giram ɗaya ne a tan, to giram 30 na garin dutsen yana ɗauke da zinariyar da ba ta fi kashi 3 cikin 100 na miligiram ba. Ƙwayar zinariya mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, wadda da ƙyar ido ke ganinta, nauyinta ya kai sulusin wannan. Watau ƙwaya uku ke nan a cikin abin da aka ɗiba. In aka yi rashin sa'a biyu suka shiga cokalin, sakamako zai ragu da sulusi. In huɗu suka shiga, zai ƙaru da sulusi. Dutse ɗaya ne, jaka ɗaya ce, amma wani zai watsar da wuri mai albarka, wani kuma ya ci bashi saboda wurin da ba zai biya shi ba. Wani masani Bafaranshe mai suna Pierre Gy ya shimfiɗa ƙa'idar wannan al'amari tun a shekarun 1950, kuma gundarinta shi ne: gwargwadon girman tsakuwar da ke cikin samfuri, gwargwadon yawan abin da tilas a ɗiba. Wanda ke son ɗibar kaɗan, lalle ne ya fara ƙanƙanta tsakuwar.

Busarwa da farfasawa

Da zarar samfuri ya iso, akan rubuta lambarsa, a auna nauyinsa, a zuba shi a faranti a sa a tanda mai zafin kimanin digiri 105 har ya bushe. Jiƙaƙƙen dutse yana manne wa inji, yana kuma ɓata awo. Idan ana neman sinadaran da zafi ke kora, irin su zaiba, sai a rage zafin.

Daga nan sai injin farko, wanda ake kira mai muƙamuƙi. Wani Ba'amurke, Eli Whitney Blake, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1858 domin fasa dutsen shimfiɗa hanya, kuma har yanzu fasalinsa bai canja sosai ba. Faifan ƙarfe biyu ne masu tauri suna fuskantar juna, sama a buɗe, ƙasa a tsuke. Ɗaya a kafe yake, ɗayan yana matsowa yana ja da baya sau ɗaruruwa a minti. Dutse na shiga ta sama, a matse shi ya fashe, gutsattsarin su gangara inda ya fi tsukewa, a sake matse su, har su fita ta ƙasa. Na ɗakin gwaji ƙarami ne, wani ma a kan tebur ake ɗora shi, kuma ana iya daidaita ratar da ke ƙasan faifan. Abin da ɗakunan gwaji da yawa ke nema shi ne aƙalla kashi 70 cikin 100 na abin da ya fito ya wuce ta rariya mai ido milimita 2. Inda injin bai kai ga haka ba, akan bi da inji na biyu, mai gangar ƙarfe biyu masu juyawa suna fuskantar juna, ko kuma mai mazugi da ke kaɗawa a cikin kwano.

Rabawa

Nan ne aka fi yin sakaci, domin aikin yana kama da mai sauƙi. Bayan farfasawa, ba duka za a niƙa ba. Akan ware giram 250 zuwa kilo ɗaya. Wanda ya tsoma kwano ya ɗebo daga saman tulin ya riga ya ɓata aikin, don kuwa idan aka zuba tsakuwa, manya kan gangara gefe, ƙanana da masu nauyi su nutse ƙasa, kuma sau da yawa a cikin masu nauyin ne ma'adinin yake.

Tsohuwar hanya ita ce a tara samfurin kamar tsibi, a baje shi, a raba gida huɗu, a ɗauki biyu masu fuskantar juna, a sake maimaitawa. Tana aiki in babu wata, amma ta dogara ƙwarai ga hannun mai yi. Abin da ya fi ta shi ne akwatin rabawa, mai ɗauke da jerin magudanai masu faɗi ɗaya, wannan yana zuba dama, na kusa da shi yana zuba hagu. A zuba samfuri a bakin akwatin gaba ɗaya, ya rabu biyu daidai. Mafi inganci duka shi ne maraba mai juyawa, inda tsakuwa ke zubowa sannu a hankali kan gwangwanaye da ke kewayawa, kowanne yana karɓar rabonsa sau da yawa. Ragowar da ba a niƙa ba ba a zubar da ita. A jaka ake ƙulle ta da lambarta, domin ranar da gardama ta taso.

Niƙa

Injin niƙa da ya fi yawa a ɗakunan gwaji shi ne mai zobe. Kwano ne na ƙarfe mai murfi, a cikinsa akwai zobba ɗaya ko biyu da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi. Akan zuba samfuri, a rufe, a ɗaure kwanon a kan inji mai girgiza da ƙarfi, zobban su yi ta bugun juna da bangon kwanon. A cikin mintoci kaɗan tsakuwa ta zama gari. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kashi 85 cikin 100 su wuce rariya mai ido maikuron 75. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, 75 kuwa kusan kaurin silin gashin kai ne. Garin da ya kai haka, in aka murza shi tsakanin yatsu, ba a jin tsakuwa ko kaɗan. Akwai kuma inji mai ƙwallaye, watau ganga mai juyawa da ƙwallayen ƙarfe a ciki, wanda aka fi amfani da shi idan ana son sanin yadda dutse zai yi a babbar masana'anta. Ƙaramin turmi da taɓarya na dutsen agat ma bai fita daga aiki ba.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, inji yana cin dutse, dutse ma yana cin inji. Kowane kwano yana barin ɗan ɓurɓushinsa a cikin garin. Kwanon baƙin ƙarfe mai kuromiyam yana ƙara ƙarfe da kuromiyam. Na tangistan, wanda ya fi tauri, yana ƙara tangistan da kobal. Na agat ba ya ƙara ƙarfe, amma yana ƙara silika, ga saurin fashewa, ga jinkiri. Don haka ba a zaɓen kwano sai an san abin da ake nema. Wanda ke binciken tangistan, wanda akan same shi tare da kuza a wasu sassan ƙasar nan, in ya niƙa a kwanon tangistan, kwanonsa zai auna. Ga mai neman zinariya kuwa kwanon ƙarfe ba ya cutarwa.

Zinariya tana da wani hali na daban. Ba ta farfashewa kamar dutse, sai dai ta baje ta zama fallaye, wani lokaci ta shafe a jikin zobe, ta fito cikin samfurin da ya biyo baya. Ta haka samfurin da ba shi da kome kan gāji arzikin na gabansa. Maganin wannan shi ne tsabta: a share kwano da burushi da iska mai ƙarfi bayan kowane samfuri, a kuma niƙa dutsen ƙanƙara wanda aka tabbatar babu ma'adini a cikinsa domin ya wanke kwanon, musamman bayan samfuri mai arziki. Inda zinariyar ke da manyan ƙwayoyi, akan tankaɗe kilo guda na garin, a gwada duk abin da ya tsaya a rariya dabam, a gwada wanda ya wuce dabam, a haɗa lissafi. Ɗakin gwaji mai mutunci yakan kuma cusa samfurin da ba shi da kome, da wanda aka riga aka san adadinsa, a cikin jerin aiki, domin ya gane in wani abu ya karkace.

Ba kuskure kaɗai ake tsoro ba, har da ha'inci. A 1997 aka fallasa kamfanin Bre-X na ƙasar Kanada, wanda ya yi shelar ya gano ɗimbin zinariya a Busang, cikin tsibirin Borniyo na Indunusiya. Ashe barbaɗa zinariya ake yi a cikin farfasasshen samfuri kafin a kai ɗakin gwaji. Al'adar aikin ita ce a tsaga sandar dutsen da aka zaro daga rami gida biyu, a gwada rabi, a adana rabi. Su kuwa kusan duka suke farfasawa, ba su bar abin da wani zai sake dubawa ba. Da asirin ya tonu, dukiyar masu hannun jari ta dubban miliyoyin dala ta salwanta.

Ƙura

Duk inda ake niƙa dutse akwai ƙura, kuma mafi haɗari ita ce wadda ba a gani. Ƙurar ƙanƙara tana taruwa a huhu shekara da shekaru, ta sandarar da shi, kuma babu maganin da ke mai da shi yadda yake. Shi ya sa ake ajiye injunan ɗakin gwaji a cikin rumfa mai zuƙe iska, ma'aikata su sa abin rufe hanci na musamman, da tabarau, da abin toshe kunne. Ƙyalle ko rawani da aka ja kan hanci ba ya tare irin wannan ƙura.

Nijeriya ta ga abin da ke faruwa idan aka niƙa dutsen ma'adini ba tare da an san abin da ke cikinsa ba. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dutsen zinariyar da ake kai wa gida yana ɗauke da dalma mai yawa. A tsakar gida ake daka shi, a niƙa shi da irin injin niƙan hatsi, ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. A 2015 an sake ganin irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gwajin da zai nuna dalma a cikin dutse ba shi da wuya ga ɗakin bincike. Ƙa'idar da aka ɗauka daga wannan masifa ita ce: kada a niƙa dutsen ma'adini a cikin gari, kada a yi amfani da turmi ko injin abinci, a niƙa da ruwa inda hali ya yi, mai aiki kuma ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya koma cikin iyalinsa.

Ga mai kawo samfuri

Mai haƙa, ko ƙungiyar gama kai ta masu haƙa, da ke son a gwada musu dutse, kada su tsinci masu ƙyalli kaɗai. Sakamakon zai faranta rai, amma ba zai faɗi gaskiyar ramin ba. A sassaƙo dutsen a jere daga wannan gefen jijiyar zuwa wancan, mai kyau da marar kyau, a zuba kowane samfuri a sabuwar jaka mai ƙarfi, a rubuta lamba a ciki da waje, a kuma rubuta a littafi inda aka ɗebo shi da zurfinsa. Kada a zuba shi a buhun taki ko na siminti. Kada wanda ke sanye da zoben zinariya ya taɓa shi. Mai samfuri yana da ikon tambayar girman rariyar da aka yi amfani da ita, da irin kwanon, da nauyin abin da aka gwada. Yana kuma da ikon neman a ba shi ragowar garin, ya kai wani ɗakin gwaji a ƙarƙashin wata lamba dabam, domin a kwatanta sakamakon biyu kafin ya sayar ko ya karɓi jari.