Japan: Kuɗin Kula da Tsofaffi Akwai, Masu Aikin Ne Babu

Yau Japan zan kai ku, ƙasar da kusan mutum 29 cikin kowane 100 sun kai shekara 65 ko sun haura. A 2023 jariran da aka haifa ba su kai 730,000 ba, waɗanda suka rasu kuwa sun zarce miliyan ɗaya da rabi. To wa zai yi wa tsoho wanka, ya ba shi abinci, ya juya shi a kan gado?

A da, matar babban ɗa ce ke ɗaukar wannan ɗawainiya. Da abin ya gagari gidaje, sai gwamnati ta kafa inshorar kula da tsofaffi a shekarar 2000. Da zarar ka cika shekara 40 za ka fara biya, in kuma tsufa ya kama ka, yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin hidimar kawai za ka fitar daga aljihunka. Tsarin ya yi kyau fa. Sai dai kuɗi ba ya ɗaga mutum daga gado.

Nan ne Japan, wadda ta daɗe tana ɗari-ɗari da baƙin ma'aikata, ta fara ƙwanƙwasa ƙofar ƙasashe masu yawan matasa. Ta ƙulla yarjejeniya, ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi suka fara zuwa daga Indonesiya a 2008, daga Filifin a 2009, daga Biyetnam a 2014.

Amma ku ji sharaɗin. Ko da kin yi shekaru kina aikin nas a ƙasarku, sai kin ci jarrabawar ƙasa da harshen Japananci, da rubutunsu mai dubban alamomi, cikin 'yan shekarun da aka ɗiba miki. In kin faɗi, sai gida. A jarrabawar nas-nas ta 2009 babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ci. A 2010 mutum 3 kacal. Ni dai a ganina wannan kamar ka gayyaci baƙo ne sannan ka tsaya a bakin zaure kana hana shi shiga.

Daga baya dole ta sa aka sassauta. Aka ƙara musu lokacin rubuta jarrabawa, aka sa yadda ake karanta alamomin a samansu. A watan Afrilun 2019 kuma aka buɗe sabuwar bizar ƙwararrun ma'aikata, har da masu kula da tsofaffi. A cikin gida ma, tun 2021 doka ta ce kamfanoni su yi ƙoƙarin barin ma'aikaci ya ci gaba da aiki har shekara 70.

Kuma ba Japan kaɗai ke wannan farautar ba. Jamus na ɗibar nas-nas daga Filifin, Ingila na ɗibar namu na Najeriya, alhali asibitocinmu na kukan ƙarancinsu. Wannan ɓangaren shi za mu buɗe a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.