Muryar Mawaƙi Jari Ce: Cinikin Citta, Zuma Da Namijin Goro A Lokacin Hunturu

LEGAS — Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu kan taso daga Hamada da ƙura da bushewa har ta kai bakin teku, masu sayar da kayan yaji a kasuwanni irin su Mile 12 ta Legas da Bodija ta Ibadan sukan sami wasu abokan ciniki waɗanda ba don miya suke saye ba. Waɗannan kuwa su ne masu cin abinci da murya: mawaƙan biki, sha'irai masu bege, mawaƙan fuji, ƙungiyoyin waƙa na coci, ladanai da sanƙirori.

Kamar yadda aka sani, lokacin hunturu ya zo daidai da bukukuwan ƙarshen shekara, wato sa'ad da mawaƙi ya fi samun gayyata shi ne kuma sa'ad da maƙogwaronsa ya fi fuskantar haɗari. Idan muryarsa ta dushe, hasarar ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai. Makaɗa da 'yan amshi da direba da mai hayar lasifika duk a kan murya guda suke rataye, ga kuma kuɗin kafin alƙalami da aka riga aka karɓa daga masu biki. Wannan ne ya sa mawaƙi kan garzaya kasuwa tun daga ranar da ya fara jin ƙaiƙayi a maƙoshinsa.

Kayan da yakan nema ba su da yawa, amma kowanne da hanyar da ya biyo. Citta daga Kudancin Jihar Kaduna take fitowa, musamman yankunan Kachia, Jaba da Kagarko, inda manoma ke shuka iri biyu da aka fi sani, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Wannan yanki shi ne ya sa Nijeriya a sahun gaba cikin ƙasashen da ke noman citta a duniya. Namijin goro kuwa, wanda Yarbawa ke kira orogbo, daga dazuzzukan Kudu ake samunsa, kuma mawaƙa da yawa sun yi imani cewa tauna shi na wanke murya. Saboda haka yayin da citta ke gangarawa Kudu a cikin buhuna, namijin goro hawa yake yi zuwa Arewa tare da goro. Shi kanumfari daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kamar Madagaska da tsibirin Zanzibar. Sai zuma da lemon tsami, waɗanda ake haɗawa da ruwan ɗumi a riƙa kurɓa.

Shekarar 1990 zuwa yau an sha ganin hawa da saukar farashin waɗannan kaya, amma 2023 ta fita daban. A daminar wannan shekara wata cutar ruɓewa ta auka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, ta halaka amfanin manoma masu ɗimbin yawa, har iri ya yi wuya, farashi kuma ya ninka ya sake ninkawa. A watan Yuni na shekarar ne kuma aka saki darajar Naira ga kasuwa, abin da ya tsadar da duk wani kaya da ake saye da dala, ciki har da kanumfari. Dangane da zuma kuwa, matsalarta ta fi ta farashi: algus. Akwai masu gauraya ta da narkakken sukari su zuba a kwalabe su sayar a bakin titi. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin yi wa zumar da ake sawa a kwalba rajista, don haka lambarta ce abin da mai saye ya kamata ya fara dubawa.

To, ina iyakar amfanin waɗannan kaya? Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro sun yi bayanin cewa murya na fitowa ne daga wasu 'yan leɓɓa guda biyu da ke bakin hanyar iska a cikin wuya, waɗanda kan kaɗa su haɗu fiye da sau 100 a daƙiƙa guda ga namiji, kimanin sau 200 ga mace. Abin da mutum ya haɗiye ba ya bi ta kansu, ta hanyar abinci yake wucewa, in kuwa ya kuskura ya bi ta nan sai a shaƙe. Ashe ke nan zuma da citta maƙoshi suke lallashi. Zuma na lulluɓe wurin da ke zafi tana rage tari, kuma rage tari taimako ne babba, domin tari da yawan gyaran murya suna gwara leɓɓan nan da ƙarfi. Haka nan kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda yana sauƙaƙa raɗaɗi. Abin da ke isa ga leɓɓan kai tsaye shi ne turirin ruwan zafi, wato sirace, sai kuma yawan shan ruwa, wanda ke jiƙa su ta cikin jiki bayan wasu sa'o'i.

Har ila yau akwai inda maganin ke komawa cuta. Yawan lemon tsami da yaji, ko cin abinci mai nauyi daf da kwanciya bayan an tashi daga wasa, na iya tayar da ƙwannafi, ruwan ciki mai tsami ya hauro ya ƙona maƙogwaro cikin dare. Kanumfari da alewar sanyaya maƙoshi suna kashe zafi na ɗan lokaci, sai mawaƙi ya ɗauka ya warke ya ci gaba da ƙure murya a kan kumburi. Raɗa ma, wadda wasu ke ɗauka hutu ce, tana wahalar da murya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba ba su da tasiri ga ciwon maƙogwaro na mura, maganin tari mai kodin kuwa Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi tun watan Mayu na 2018. Bugu da ƙari, zumar da aka ajiye a gida ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Maganin da likitoci suka fi ƙarfafawa shi ne wanda ba a kasa shi a kasuwa, wato hutun murya na 'yan kwanaki. Shi ne kuma mafi tsada ga mawaƙi, domin kowane daren da ya yi shiru dare ne da shi da jama'arsa ba su sami ko kwabo ba, kuma akasarinsu ba su da albashi balle inshora. Amma wanda ya dinga waƙa a kan kumburi yana iya samun kanta a leɓɓan muryarsa, irin wadda kan fito a hannun manomi, wadda jinyarta kan ɗauki watanni, wani ciwon ma sai an yi tiyata. Kowa ya ƙi sharar masallaci, in ji Hausawa, ya yi ta kasuwa.

Saboda haka shawarar masana ita ce, duk muryar da ta dushe fiye da mako uku, ko aka ga jini a kaki, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, to ta wuce batun zuma da citta, musamman ga mai shan taba. Asibitocin koyarwa na Legas da Ibadan suna da sassan kunne, hanci da maƙogwaro, haka nan Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, inda ake iya leƙa maƙogwaro da na'ura a ga halin da leɓɓan ke ciki kafin a yanke shawarar magani.