KASHIN KAJI, ALKAMA DA GIRMAN YARONKI

Uwargida, duba nan kafin layi ya zo kanki. In ba ki karatun boko, sa wata ta karanta miki.

Akwai wani sinadari da ake kira zinki. Ɗan kaɗan jikin yaro ke bukata, amma kullum ne, domin jiki ba ya tara shi ya ajiye. Yaron da ya rasa shi yakan tsumbure, ya ƙi abinci, gudawa ta yi ta komo masa, in ya ji rauni kuwa ya daɗe bai warke ba. Muna ganin irinsu ranar awo.

To, ina ruwan kaza a nan?

Alkamar da ake nomawa da rani a fadamun Haɗejiya da Auyo, daga ƙasa take zuƙo zinki ta kai cikin ƙwaya. Gonar da ba ta hutawa, shinkafa ta fita alkama ta shiga, kwasarsa ake yi ba a mayarwa. Takin zamani irin su kamfa da yuriya ba su da shi, sai in an rubuta a jikin buhu. Ƙasa mai kanwa-kanwa kuma takan riƙe wanda ke cikinta gam, saiwa ta kasa ja. Sai ki ga alkama ta daƙushe, ganyenta ya koɗe.

Kashin kaji yana da zinki, balle na kajin gidan gona, don ana gauraya musu shi a abinci, mafi yawansa kuwa ta kashi yake fita. In takin ya ruɓe a gona yana ƙara wa ƙasa zinki, sa'an nan yana sassauta wanda ta riƙe. Ƙasa ce ke fara samu, ƙwayar alkama ta biyo a hankali, shekara kan shekara. Amma ki gaya wa maigida kada ya jibga: takin yana da sinadarin fosfaras da yawa, in ya taru fiye da kima shi ma yana rage wa alkama jan zinki.

KI LURA DA WANNAN

Ɗanyen kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, yana kuma ƙona shuka. Ki share akurki kullum, kada mai rarrafe ya kai hannu baki. A tara shi nesa da rijiya da madafa, a haɗa da ƙaiƙayi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa kamar wata 3, har zafinsa da warinsa su tafi. Duk wanda ya taɓa, ya wanke hannu da sabulu.

Sauran aikin a hannunki yake. Yawancin zinkin alkama a dusarta yake, farar fulawa ta rasa rabo mai yawa. Kada ki matsa wa alkama surfe, kada ki tankaɗe dusar kaf. Mu mata da son farin gari! Ƙullun funkaso da aka bari ya tashi ya fi amfani, domin tashin nan yana sa hanji ya fi iya jan zinki. Ki haɗa wa yaro da kifin kogi, ko ƙwai, ko hanta, ko wake.

In gudawa ta riga ta kama shi, ba alkama za ki jira ba, kawo shi asibiti. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa ƙwayar zinki da ruwan gishiri da sukari. A shawararsu ta 2004, an ce yaro ɗan wata 6 zuwa sama a ba shi ƙwaya 1 mai miligiram 20 kullum. Wanda bai kai ba, rabi. A narka a cokali da ruwa mai tsabta ko ruwan nono, a ba shi kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya ran na 3.