Mastar a fannin zane da sassaƙa: ina ɗalibin Nijar zai nufa?

Iyaye da yawa suna mamaki in suka ji cewa zane ma ana yi masa karatu har shekara 5 bayan bak. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, shekara 3 lisans ce, 2 na gaba kuma mastar. A Faransa, makarantun zane suna kiran takardar shekara 5 ɗin DNSEP, kuma darajarta ɗaya da mastar.

Bambancinsa da sauran karatu yana farawa tun wajen shiga. Maki mai kyau ba ya isa. Ana neman kundin hotunan ayyukan da ɗalibi ya yi da hannunsa, da bayanin abin da yake son bincike a kai. A nan ne yara masu baiwa da dama ke faɗuwa: sun iya zana fuskar mutum har ka ce hoto ne, amma in an tambaye su dalilin zanen sai su yi shiru. Shekaru biyun kuwa galibi a ɗakin aiki suke ƙarewa, sannan a rufe da baje kolin ayyuka gaban alƙalai tare da rubutaccen bincike.

Hanyar Faransa ta yi wuya tun da aka rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Akwai INSAAC a Abijan, akwai makarantar Balla Fasséké Kouyaté a Bamako, wadda Abdoulaye Konaté, mai yin manyan ayyuka da yadi, ya jagoranta shekaru da dama. Amma ga ɗan Maraɗi ko Damagaram, wadda ta fi kusa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A garin ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna neman a haɗa dabarun Turai da zanen gargajiya. Hausa za ta yi wa ɗalibi a kasuwa, sai dai aji da rubutun bincike da Ingilishi ne.

Sai maganar kuɗi. Ban da kuɗin makaranta da na haya, fenti da yadin zane da tagulla duk daga aljihun ɗalibi suke fitowa. Takardar tana buɗe ƙofar koyarwa ko aiki a gidan tarihi irin na Bubu Hama, amma ba ta sa a sayi zanen mutum. Wanda burinsa ya buɗe shagon rubuta allunan talla, zama wurin wani gwani zai fi masa sauƙi da araha.